Motar tsere a cikin kwali



A 1957 wani Baturen Ingila, Colin Chapman, ya fito da motar tsere mai suna Lotus Seven. Gunduwa-gunduwa ake kawo wa mai saye, shi ya ɗaure abarsa a gida. Dalilin kuwa haraji ne: gwamnati na karɓar harajin saye a kan haɗaɗɗiyar mota, ban da kayan haɗi. A 1973 tsarin haraji ya sauya, rangwamen ya ƙare, Lotus ta sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙirar. Har gobe ana kwaikwayonta.

Mu ma mun san haɗi. Daga 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta riƙa haɗa 504 da kayan da ake turowa daga Faransa. Ita ta dace da hanyoyinmu, kowane bakanike ya san cikinta.

Motar tsere ta kwaikwayo tana da rahusa, kuma mai haɗa ta ya koyi sana'a. Amma cikinta dab da ƙasa yake. Mu kai ta hanyar Guri da damina, lokacin da kogin Haɗejiya ya cika ya batse, amalanke zai wuce mu. Ƙarfe ɗaya ya karye, sai neman dala. Ranar sayarwa kuma kuɗin kwaikwayo za a taya.

Mu da muka fara da motar kara mun san kwaikwayo makaranta ce. In za mu ari salon wani marubuci, mu fara duba ko zai iya bin hanyar garinmu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.