Rigakafin Cututtukan Numfashi na Bakteriya a Kajin Gaya, Jihar Doso

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar cututtukan numfashi uku da bakteriya ke jawo wa kaji, ta auna su da yanayin Gaya. Matsayinta shi ne allura ba ta kare garke sai an fara tantance nau'in ƙwayar cutar da ke yawo a yankin.

Gabatarwa

Gaya na bakin kogin Isa, gada ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin, ga Kamba ta jihar Kebbi a maƙwabta. Kaji da zabi na ƙetare iyakokin nan a cunkushe cikin kwanduna, numfashin wannan a fuskar waccan. Da hunturu ya kama, sai mai kiwo ya ce "mura ta shiga akurki". Wannan suna guda ya lulluɓe cututtuka daban-daban.

Tattaunawa

Ta farko koriza ce, wadda Avibacterium paragallinarum ke kawowa. Fuskar kaza ta kumbura, ido ya manne da ruwa mai yauƙi, hanci na zubar da majina mai wari, ƙwai ya ragu. Ƙwayar ta kasu rukuni uku, A da B da C, kuma allurar da aka yi da rukuni ɗaya ba ta kare kaza daga sauran. Ana yin ta sau biyu, da tazarar kimanin mako 4, kafin kaji su fara ƙwai.

Ta biyu kwalarar kaji ce, aikin Pasteurella multocida, wadda a kanta Luwi Fasto ya bayyana rigakafi da raunanniyar ƙwaya a Faransa a 1880. Tana da nau'i 16, shi ya sa dacewar allura da nau'in yankin ke da muhimmanci. Ta uku Mycoplasma gallisepticum ce, mai bi ta cikin ƙwai zuwa 'yan tsaki. Ba ta da bangon jiki, don haka fenisilin ba ya taɓa ta.

Abin damuwa shi ne kazar da ta warke takan ci gaba da zama ɗauke da cutar. Kafson da ake zazzagewa cikin ruwan sha yana kwantar da alamomi ne kawai, sai a kai kazar kasuwa ana ganin lafiyarta ƙalau. Allurar cutar Niyukasul kuwa ta bairas ce, ba ta maganin ko ɗaya daga cikin ukun.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani, amma sai wanda ya dace da cutar. Ya kamata likitocin dabbobi na Gaya su riƙa aika samfuri zuwa ɗakin binciken LABOCEL da ke Yamai, su kuma yi musayar sakamako da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Nijeriya. A ajiye allura a sanyin digiri 2 zuwa 8, a kammala ta kafin hunturu, a killace duk sabuwar kaza mako 3 kafin ta shiga akurki.