Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Izinin Aiki Bayan Karatu A Ingila

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a jihar Jigawa. Ya ce ɗansa ya gama digiri na farko, sai wani dillalin makarantu ya gaya musu wai in yaron ya tafi Ingila ya yi digiri na biyu na shekara guda, za a ba shi izinin zama ya yi aiki har ya mai da kuɗin da aka kashe. Yana tambaya: shin da gaske akwai wannan izini? Yaushe aka soma shi? Kuma ya kai mutum ya sayar da gona dominsa?

To Alhaji, izinin dai akwai shi. Sai dai fa cikin shekara ashirin da 'yan kai an buɗe wannan ƙofa, an rufe ta, an sake buɗewa, ga shi kuma ana rage mata faɗi. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

A zamanin mulkin Turawa, 'yan Arewa da suka je Ingila karatu yawancinsu gwamnati ce ta tura su. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Jami'ar London a 1945 don ƙaro ilmin koyarwa, Malam Aminu Kano kuma ya bi bayansa a 1946. Da suka gama suka komo gida suka kama aiki. A lokacin ba a maganar biza. Wata doka ta 1948 ma ta ba mutanen ƙasashen renon Ingila damar shiga ƙasar su zauna su yi aiki. A 1962 ne aka yi dokar farko da ta taƙaita wannan dama, watau sai mai takardar izinin aiki, ko da yake an bar wa ɗalibai hanya.

Daga nan sai maganar kuɗi ta shigo. A 1967 aka bambanta kuɗin makaranta: baƙo ya biya fam 250 a shekara, ɗan ƙasa kuwa wajen fam 70. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta janye tallafin gaba ɗaya, ta ce baƙo ya biya cikakken abin da karatunsa ya ci. Tun daga ranar ɗalibin waje ya zama mai ciniki a wurin jami'o'in Ingila, da kuɗinsa suke cike giɓin aljihunsu. A 1987 kuma aka wajabta wa 'yan Nijeriya neman biza kafin su taka ƙasar.

Da ciniki ya yi daɗi, sai aka shiga neman abin da zai jawo masu saye. A 1999 Firayim Minista Tony Blair ya ƙaddamar da shirin ƙara yawan ɗaliban waje. A 2004 aka yarda waɗanda suka karanta wasu fannonin kimiyya da injiniya su zauna shekara guda su yi aiki. A 2005 yankin Scotland, wanda ke fargabar raguwar jama'arsa, ya ba masu gama jami'o'insa shekara biyu. A 2008 aka haɗe waɗannan shirye-shirye, aka ba duk wanda ya gama digiri shekara biyu.

Abin bai wuce shekara huɗu ba. Gwamnatin David Cameron ta hau mulki a 2010 da alkawarin rage yawan baƙi, kuma a watan Afrilu na 2012 ministar harkokin cikin gida, Theresa May, ta rufe shirin. Daga lokacin, wanda ya gama digiri na biyu wata huɗu kacal ke gare shi ya sami kamfanin da zai tsaya masa, in bai samu ba ya tattara kayansa. Akwai ɗaliban da suka biya kuɗi suka soma karatu da sa ran shekara biyun nan, kafin su gama doka ta juya. Cikin 'yan shekaru yawan ɗaliban Indiya a ƙasar ya faɗi da fiye da rabi, da yawa suka karkata zuwa Kanada da Ostareliya.

Jami'o'i suka yi ta kuka. Bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai ta 2016, ƙasar ta ga tana bukatar sababbin abokan ciniki. A watan Satumba na 2019 gwamnatin Boris Johnson ta ce za ta maido da izinin, aka kuwa buɗe shi ranar 1 ga Yuli, 2021, da sunan bizar Graduate: shekara biyu ga mai digiri na farko ko na biyu, shekara uku ga mai digirin digirgir. 'Yan Nijeriya suka yi tururuwa. A 2022 an ba ɗalibanmu sama da 59,000 biza, aka ba matansu da mazansu da 'ya'yansu sama da 60,000, abin da ya zarce na kowace ƙasa wajen tafiya da iyali.

Wannan yawa shi ya jawo wani sabon takunkumi. Daga watan Janairu na 2024 aka hana mai digiri na biyu na aji tafiya da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A gida kuma Naira ta faɗi: dalar da ake canzawa a banki wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura Naira 1,400 a farkon 2024. Kuɗin da iyaye suka tanada ya zama bai kai rabin abin da ake bi ba, har wata jami'a a arewacin Ingila ta dakatar da waɗansu ɗalibanmu a 2024 saboda bashin kuɗin makaranta. Sa'an nan a watan Mayu na 2025 gwamnatin Keir Starmer ta ce za ta rage shekara biyun zuwa wata 18, aka tsai da ranar 1 ga Janairu, 2027 don soma aiki da ragin, ban da masu digirin digirgir.

To Alhaji, ka ga yadda abin yake tafiya. In suna bukatar kuɗi da ma'aikata su buɗe, in zaɓe ya ƙarato jama'arsu na gunaguni kan baƙi su tsuke. Ba Ingila kaɗai ba, Kanada ma a 2024 ta ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa. Gwamnati takan canja doka ba tare da ta tambayi wanda ya riga ya biya ba.

Yanzu ga yadda lissafin yake. Kafin a ba yaro bizar karatu, sai jami'a ta ba shi takardar karɓa da ake kira CAS, ya yi gwajin tarin fuka, kana ya nuna kuɗin makaranta da na ci da sha sun kwana 28 a banki. A watan Janairu na 2025 kuɗin ci da shan nan fam 1,136 ne kowane wata a wajen London, fam 1,483 a cikinta, har na wata tara, kuma akan ƙara shi lokaci lokaci. Ga kuɗin asibiti, wanda aka mai da fam 776 a shekara ga ɗalibi a 2024. Lokacin da ake karatu sa'a 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako, ba a kuma yarda ya buɗe sana'ar kansa ba. Abin da zai samu a sa'o'in nan da ƙyar ya riƙe haya da abinci, balle kuɗin makaranta.

Ita kuwa bizar Graduate izinin neman aiki ce, ba wanda zai miƙa masa aikin. Sai ya ci jarrabawa, ya nema yana cikin ƙasar kafin bizar karatunsa ta ƙare, ya sake biyan kuɗin biza da na asibiti. Sau ɗaya ake ba mutum ita a rayuwa, ba a sabuntawa. In ta ƙare yana son ci gaba da zama, sai kamfani mai lasisi ya tsaya masa da albashi mai tsoka. An ɗaga mafi ƙanƙantar wannan albashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a 2024, aka kai shi 41,700 a 2025, ko da yake akwai sassauci ga sababbin masu digiri.

Saboda haka shawararmu ita ce ka yi lissafi kamar babu aikin sam. In kana iya biyan karatun daga ribar kasuwa, gonar tana nan, kuma ilmin zai amfani yaron ko da ya komo gida washegarin gamawa, to bismilla, tafiya mabuɗin ilmi ce. In kuwa sai an sayar da gonar da gida ke ci daga cikinta don a jira albashin da ba a gani ba, wannan cinikin biri a sama ne. Dillali kuma ka tuna ladarsa daga jami'a take fitowa in yaro ya biya, kuma dokin mai baki ya fi gudu. Yaro ya karanta dokar da idonsa a shafin gwamnatin Birtaniya na intanet kafin a fid da ko kwabo. Ya kuma gwada neman tallafin karatu na Chevening, wanda aka kafa a 1983, ko na ƙungiyar ƙasashen renon Ingila. Su sukan biya kuɗin makaranta da na jirgi da na ci, sai dai sharaɗinsu shi ne a komo gida bayan an gama.

Allah ya yi wa yaranmu jagora, ya sa albarka a noma da kasuwa. A ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.