DALLA-DALLA: Yadda ake girka kompaila a kan tsohuwar kwamfuta, da masu yanke mata wa'adi

Kompaila manhaja ce da ke fassara rubutun da masu ƙirƙirar manhajoji ke yi da harsuna irin su C, Go da Rust zuwa umarnin da injin kwamfuta ke ganewa. Tafinta ce tsakanin mutum da na'ura. Tana tafiya tare da abokan aiki: mai haɗa guntayen da aka fassara su zama manhaja guda, da rumbunan ayyukan da aka riga aka rubuta, da fayilolin da ke bayyana mata abin da babbar manhajar kwamfutar, wato Windows ko Linux ko macOS, za ta iya yi. Wannan ayari shi ake kira kayan ƙira. Duk manhajar da ke wayar mai karatu ko kwamfutarsa ta biyo ta hannunsu.

Ranar da kayan ƙira suka juya wa wata babbar manhaja baya, sabbin manhajoji sun daina zuwa mata ke nan, ko da injin lafiyarsa ƙalau.

Windows 7 ta isa misali. Ta fito a Oktoban 2009, kuma Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Janairu, 2020. Python 3.9, wadda ta fito a Oktoban wannan shekara, ta ƙi hawa kanta, domin ƙa'idar masu kula da Python ita ce su tsaya inda Microsoft ya tsaya. Go 1.20 ce ta ƙarshe da ta karɓe ta, daga 1.21 ta Agustan 2023 sai Windows 10 zuwa sama. Rust ta bi sahu a Mayun 2024 da fitowar 1.78. Babu wani taro da aka yi aka yanke wa Windows 7 hukunci a rana ɗaya. Kowane rukuni ya janye a lokacinsa, da hujjar da ba za a raina ba: kula da tsohon tsari na cin lokacin mutane, da yawansu aikin sa-kai suke yi, kuma yana hana amfani da sabbin hanyoyin tsaro.

Abin da ke karyewa sau da yawa ƙarami ne ƙwarai. Manhaja ba ta taɓa faifai ko allo da kanta, roƙon babbar manhaja take yi ta wasu ƙofofi masu suna. Python 3.9 na neman fayil mai suna api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll, wanda sai daga Windows 8 aka samar da shi. Sabbin Go da Rust na kiran wani aiki mai suna ProcessPrng domin samun lambobin kan-mai-uwa-da-wabi da ake buƙata wajen ɓoye bayanai, Windows 7 kuwa ba ta san shi ba. Ƙofa ɗaya ta rasu, manhajar gaba ɗaya ta ƙi tashi.

A Linux matsalar ta fi fitowa daga rumbun glibc. Manhajar da aka fassara a kan tsohon glibc tana aiki a kan sabo, amma wadda aka fassara a kan sabo takan ƙi aiki a kan tsoho. Saboda haka masu rarraba manhajojin Python suka ɓullo da tsarin manylinux a 2016, inda a lokacin da gangan aka riƙa fassara komai a kan tsohuwar CentOS 5 domin ya yi aiki ko'ina.

Kafin ma a kai ga wannan, saukar da kayan daga intanet kan gagara. GitHub da rumbun PyPI sun rufe tsofaffin hanyoyin sadarwar sirri na TLS 1.0 da 1.1 a 2018, sannan ranar 30 ga Satumba, 2021 wata tushen shaida mai suna DST Root CA X3, da Let's Encrypt ke jingina da ita, ta ƙare wa'adi. Tsofaffin na'urori da yawa suka fara ƙin buɗe shafukan da ba su da wani aibu. Mafita a nan ita ce a sauke kayan a wata kwamfuta a kawo su a filasha.

Babban ƙulli shi ne kompaila ita ma manhaja ce, sai wata kompaila ta fassara ta. GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987, ta daɗe tana ginuwa da kompailar C kaɗai. Daga 4.8 a 2013 ta fara buƙatar ta C++, daga 11 a 2021 kuma sai wadda ta san ƙa'idar C++11. Mai tsohuwar na'ura dole ya hau tsani mataki-mataki: ya gina ta tsakiya da tsohuwar da yake da ita, sannan ya gina sabuwa da ta tsakiyar. GCC tana gina kanta sau uku, ta kwatanta na biyu da na uku ta ga ko sun zo daidai, aikin da kan cinye sa'o'i masu yawa a kan inji mai rauni, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya kan jawo hasarar lokaci mai yawa. Go ma haka: 1.4 ce ta ƙarshe da aka rubuta da C, don haka daga ita ake farawa a haura. Rust ta fi kowa tsawon tsani, domin duk mako shida take fitar da sabuwa, kowacce kuma da wadda ta gabace ta ake gina ta. Wani aiki mai suna mrustc, da aka rubuta da C++, yana rage matakan.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar tsohuwar kwamfutar ta huta, a yi fassarar a kan sabuwa da nufin tsohuwar. Visual Studio 2017 na da kayan v141_xp da ke fitar da manhajojin Windows XP, shekaru bayan an daina kula da XP a Afrilun 2014. Rust ta bar wa Windows 7 gurbi a mataki na uku, ma'ana babu alkawarin gwaji, mai so shi zai gina da kansa. Wasu kuma sukan daskare a kan ta ƙarshe da ta yi aiki, kamar Python 3.8. Sai dai an daina toshe mata ɓaraka tun Oktoban 2024.

A nan haɗarin yake. Wanda ya gaji da hawa tsani yakan sauke kompailar da wani da bai sani ba ya yi wa kwaskwarima ya ɗora a intanet. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Unix, ya nuna tun 1984 cewa ana iya dasa ƙofar baya a cikin kompaila ta riƙa cusa ta a duk abin da ta fassara, har da sabuwar kanta, ba tare da an ga alama a rubutun asali ba. Amsar da masu Guix suka bayar a 2023 ita ce gina ilahirin tsarinsu daga wani iri mai girman bayit 357, ƙaramin da mutum zai iya bi ya tantance. Ofishin da ke ajiye bayanan albashi ko na marasa lafiya, idan ya karɓi manhajar da aka fassara da kompailar da ba a san asalinta ba, ya miƙa makullinsa ga baƙo.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye, domin kasuwar kwamfutocin hannu, waɗanda ake kira tokumbo, ita ce hanyar da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa da yawa ke mallakar na'ura, daga Computer Village ta Ikeja zuwa shagunan Kano da Kaduna. Wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana sharɗanta guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas ko makamancinsa, abin da tarin waɗannan kwamfutoci ba su da shi. Hukuma ko makarantar da ke sayen kwamfuta da kuɗin jama'a tana da tambayar da ya kamata ta shiga takardar kwangila tun farko: har zuwa wace shekara za a ci gaba da ƙera wa wannan na'ura manhaja, kuma wa zai biya idan aka daina. Injin da Windows ta sallama galibi yana iya ɗaukar Linux ta zamani irin Debian, wadda ke zuwa da sabuwar GCC a rumbunta ba tare da an hau tsani ko ɗaya ba.