Dandalin Vendome: kasuwar da ba a taya kaya

Da na raka Baba birnin Faris, na roƙe shi mu leƙa dandalin Vendome. Ni da na tashi cikin hayaniyar kasuwar Agege, shirun wurin ya fara ba ni mamaki.

Sarki Louis na 14 ya sa aka fara gininsa a 1699. Fuskokin gidajen kaɗai aka fara ɗagawa, sannan aka sayar wa attajirai filayen baya, kowa ya ƙarasa nasa. Baba ya ce, "Ashe sarkin ma dillali ne."

Gunkin sarkin da ke tsakiya, masu juyin juya hali suka rushe shi a 1792. Napoleon ya kafa doguwar hasumiya a 1810, ya lulluɓe ta da tagullar igwogin da ya kwaso a yaƙin Austerlitz. Ita ma aka kayar a 1871, aka sake ginawa.

Masu gwal daga baya suka zo: Boucheron a 1893, otal ɗin Ritz a 1898. Baba ya daɗe yana kallon wani agogo ta gilashi. Na ce, "Baba, mu shiga mu taya mana." Ya dubi mai gadin, ya gyara hularsa, ya ce lokacin La'asar ya yi.