DAGA GANYE ZUWA LEDA: TARIHIN ƘUNSHIN SABULU A ƘASAR GAYA

Ya kai mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo ba wani babban al'amari ba ne a idon mutane, tunkiya ce. A bazarar da ta wuce na je gida, wato ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi, sai na tarar da tunkiyar da yayata ta shekara biyu tana kiwo ta daina cin abinci, cikinta ya kumbura, ga rama har ana ƙirga haƙarƙarinta. Da aka ga za ta mutu a banza sai aka kira mahauci ya yanka. Ko da ya farke tumbin, sai ga wani dunƙule kamar ƙwallo, leda ce zalla ta cukurkuɗe, har da 'yan ledojin garin sabulu waɗanda launinsu bai ma gama gogewa ba. Yayata ta yi tagumi ta ce da ni, "Kai da ka yi boko, gaya mini, wa ya kawo mana wannan masifa?" Na ce, "Wallahi Yaya, sai na yi tunani." To, wannan rubutu shi ne amsar da na kasa ba ta a ranar.

Ƙasar Gaya dai tsohuwar ƙasa ce. Masana tarihi sun kawo cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala saboda tama, daga Gaya suka taso. Mutanen da suka daɗe haka a wuri guda suna noma ƙasa ɗaya, dole ne a ce sun san yadda za su yi da shararsu, in ba haka ba da tuni ta kore su. Sirrin kuwa shi ne, a da duk abin da ya shigo gida, in ya gama amfaninsa gona yake komawa.

Na taso a hannun kakata, Allah Ya jiƙanta, a shekarun 1970. Kayan wankinta da wanke-wankenta ba su da yawa. Toka da yashi na cuɗar tukunya, soson da ke yaɗo a jikin danga na wanka da wanke ƙwarya, ɓawon aduwa kuma in an daka an jiƙa yana kumfa, ana wanke tufafi da shi in babu sabulu. Akwai kuma tsofaffin da ke tace ruwan tokar kara su dafa da kitse ko man kaɗe, su mulmula su fitar kasuwa. Sabulun salo, wanda fatake ke kawowa daga kudu, a ganye ake ƙunso shi, kamar yadda ake rufe huhun goro da ganyen fita. In an kawo gida sai ta ajiye shi a sakaina ko a 'yar ƙwarya, ganyen kuwa akuya ta cinye ko a zuba a juji. Da bazara sai a kwashe jujin a mangala, jaki ya kai gona, ya zama taki. Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin noman karkarar Kano tun a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan takin gida yana daga cikin abin da ya sa gonakinmu ke ciyar da jama'a mai yawa shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba.

Sabulun kamfani ya shigo ne ta hannun Turawa. Kamfanin Lever Brothers ya kafa reshensa a Nijeriya a 1923, ya soma yin sabulu a Apapa ta Ikko, shi ma kamfanin Paterson Zochonis, wato PZ, ya kama yin nasa a garin Aba. Amma shi ma wannan sabulu bai kawo mana shara ba. Sanda-sanda yake zuwa a cikin kwali, mai tebur ya sa wuƙa ko zare ya yanko maka na sisi ko na sule, ya naɗe a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti. A 1960 Lever Brothers ya kawo Omo, wanda ya karɓu har sunansa ya zama sunan kowane garin sabulu a bakin Bahaushe. Ko bayan da Unilever, magajin kamfanin, ya sanar a 2023 cewa zai janye daga harkar kayan wanki a Nijeriya, har yau yaro "omo" yake cewa a ba shi, ko da Viva ta kamfanin Aspira na Kano za a miƙo masa. Omon farko a kwalin takarda yake. Ina iya tuna kakata tana yayyaga kwalin tana hura wuta da shi, tokar kuma ta bi sauran toka zuwa gona.

Ita leda daga ina ta fito? A 1933 aka gano sinadarin da ake yin ta da shi a wata masana'anta ta ICI a Ingila, kuma bisa tsautsayi ne. A 1965 wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Celloplast ya yi rajistar jakar leda mai hannu, wadda injiniyansa Sten Gustaf Thulin ya zana. Abin mamaki, ɗansa ya bayyana daga baya cewa nufin mahaifinsa shi ne a rage sare itatuwa don yin jakar takarda, a riƙa amfani da leda ɗaya sau da yawa. Ashe gyaran gangar auzinawa aka yi.

A wurinmu kuwa, talauci ne ya buɗe mata ƙofa. Bayan da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, magidanci ya kasa sayen kwalin omo guda. Masu kanti suka koma sayen buhu suna aunawa da cokali ko murfi, suna ƙullawa a farar leda. Su kuma kamfanoni da suka ga haka sai suka ce ai mu ma mun iya. A 1993 madarar Cowbell ta fito a 'yar ƙaramar leda ta yi kasuwa, a cikin waɗannan shekaru So Klin, wanda muke ce wa kilin, ya bi sahu da garin sabulu na wanki ɗaya, ga kuma fiya wata. Kafin a ankara, daga kasuwar Wudil ta ranar Juma'a har zuwa teburin mai shayi a Toranke ko Kademi, jerin ledoji ne ke reto kamar carbi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zagin wannan tsari ne baki ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, ya taimaki talaka. Matar da ke da kuɗin wanki ɗaya ta samu sabulu mai kyau wanda damshi bai taɓa ba, kuma ba a yi masa algus ba. Illar ita ce, wanda ya zana ƙunshin ya yi tunanin tafiyarsa daga masana'anta zuwa hannun mai saye, bai yi tunanin inda zai kwana bayan an yaga shi ba. Irin wannan leda sau da yawa hawa-hawa ce, an manne roba iri daban-daban wuri guda, ga fenti, don haka narka ta a sake wani abu da ita yana da wuya. Shi ya sa za ka ga ɗan jari-bola ya tsince tsohon bokiti da silifa da gorar ruwa, waɗanda masana'antun Sharaɗa da Bompai ke saye, ya tsallake ledar omo ko kallonta bai yi ba. Mu kuma ba mu sauya hali ba, juji dai gona muke kai shi. Sai ga shi taki ya zo da leda, garma tana tono ta, ba ta ruɓewa, iska ta rataye ta a ƙaya, dabba ta lasa don gishiri ko maiƙo ta haɗiye. In aka ƙona ta kuma hayaƙin ya shiga ƙirjin yara.

Hukumomi sun yi yunƙuri a wurare da dama. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan ta toshe magudanan ruwa, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi doka a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi bayan nan ya san doka daban, aiki da ita daban. A nan gida Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana leda a 2019, bai zama doka ba. Jihar Ikko ta hana robar zuba abinci mai kumfa a Janairun 2024. A Kano muna da hukumar REMASAB, sai dai ƙarfinta a birni yake, babu motar shara da ke zuwa ƙauyenmu.

To mene ne mafita? A nawa ɗan guntun tunanin, sayen kaɗan-kaɗan ba shi ne laifi ba, domin kakanninmu ma haka suke saye. Bambancin shi ne su da mazubinsu suke zuwa. Har yau ba wanda ke jin kunyar tura yaro da kwalba ya sayo man gyaɗa ko kananzir, ko da kwano ya sayo awo. A Turai yanzu an buɗe kantuna inda mutum ke zuwa da gorarsa a ɗura masa sabulun ruwa, ana ta yabon abin a matsayin sabuwar dabara, alhali ita ce kasuwar Gaya ta shekara hamsin baya. Daɗin daɗawa, matanmu da suka koyi haɗa sabulun ruwa a gida, a tsofaffin gorunan ruwa da na lemo suke sayarwa, gora ɗaya ta yi zuwa goma. Da kamfanoni za su riƙa kawo wa masu kanti jarka ko buhu da ma'auni na gaskiya, su rage wa mai zuwa da mazubinsa kuɗin ledar, su mayar da sabulun sanda cikin takarda, da talaka bai jira wa'azi ba, aljihunsa ne zai ja shi.

Da na koma gida da ƙaramar Sallah na gaya wa yayata duk wannan. Ta saurara har na gama, sannan ta miƙa hannu bayan randa ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara mai murfi, ta ba jikanta ta ce, "Je ka wurin mai kanti ya auno mini omo a nan, ka ce ban son leda." Yaron ya dawo yana dariya, wai mai kantin ya ce ko Hajiya ta soma rowa ne. Ta ce, "Rowar da za ta bar mini tumakina ai ba laifi ba ce."

Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalam.