Sola Scriptura

Sola scriptura jumlar Latin ce mai nufin "Nassi kaɗai". Ita ce aƙidar 'yan Furotesta cewa Littafi Mai Tsarki ne ke da magana ta ƙarshe a sha'anin bangaskiya, ko Paparoma ma yana ƙarƙashinsa. A kan wannan Martin Luther ya kafe a gaban Sarki Charles na Biyar a birnin Worms na Jamus a 1521. Katolika ta mayar da martani a Majalisar Trent a 1546, ta ce Nassi da koyarwar da aka gada daga manzanni darajarsu ɗaya, kuma bayyana ma'anarsu hurumin Ikilisiya ne. Har a yawan littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki sun saɓa: Katolika 73, Furotesta 66, domin 'yan Furotesta ba sa ƙirga Tobit da Judit da wasu biyar.