Haruffa Shida a kan Baƙin Dutse: Gardamar "Gidan Dawuda"

A watan Yulin 1993, masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Avraham Biran suka ci karo da wani ɓallin baƙin dutse a Tel Dan, can arewacin Isra'ila kusa da iyakar Labanan. Mutanen da suka zo daga baya sun cusa shi ne cikin katanga kamar kowane dutse, alhali fuskarsa na ɗauke da rubutu cikin harshen Aramiyanci. A 1994 aka sami ƙarin gutsattsari biyu. A layi na tara akwai haruffa shida, b-y-t-d-w-d, waɗanda Biran da Joseph Naveh suka karanta da "gidan Dawuda".

Kafin nan, ba a san wani rubutu na wancan zamani da ya ambaci Annabi Dawuda ba, in ban da littattafan addini. Saboda haka wasu masana, irin su Thomas Thompson da Niels Peter Lemche da Philip Davies, suka tafi a kan cewa labarin daularsa an tsara shi ne bayan ƙarnuka masu yawa, don haka ba hujja ba ne a wurin masanin tarihi. Da dutsen ya fito, sai aka koma kan haruffan. Marubucin yana raba kalmominsa da ɗigo, amma bai sa ɗigo tsakanin "byt" da "dwd" ba. Rubutun kuma babu wasula, kamar ajamin da ba a yi wa wasali ba. Masu shakka suka ce ke nan kalma ɗaya ce, mai yiwuwa sunan wani gari ko wurin bauta.

Mu Hausawa ba mu buƙatar dogon bayani kafin mu gane inda gizo ke saƙar. In aka ce Gidan Rumfa, gini ake nufi. In aka ce gidan Dabo, zuriya ake nufi. Wanne ne a nan? A ganinmu hujjar masu cewa zuriya ce ta fi ƙarfi, domin Assuriyawa ma suna kiran masarautar Isra'ila "gidan Omri", da sunan wanda ya kafa gidan sarautarta, kuma layin da ya gabata yana maganar sarkin Isra'ila ne. Mafi yawan masana a yau nan suka tsaya.

Abin sha'awa, mai shaidar maƙiyi ne. Galibi ana danganta dutsen da Haza'el, sarkin Dimashƙa, wanda ya kafa shi a ƙarni na tara kafin haihuwar Annabi Isa domin yin kirarin nasara. Bisa yadda aka cike guraben da suka karye, yana taƙamar kashe Yoram sarkin Isra'ila da Ahaziya na gidan Dawuda, alhali Littafin Sarakuna na Biyu ya ce Yehu ne ya kashe su. Dutsen da ya gaskata littafin a wani layi, shi ne ya saɓa masa a wani.

Sai dai suna daban, girman daula daban, kuma can gardamar ta koma. Yigael Yadin ya danganta manyan ƙofofin garuruwan Hazor da Magiddo da Gezer da Annabi Sulaimanu. Israel Finkelstein ya ce an gina su ne kusan ƙarni guda bayansa, Kudus ta ƙarni na goma kuwa ƙaramin gari ce a kan tudu. Daga 2007 Yosef Garfinkel ya tono wani gari mai ganuwa a Khirbet Qeiyafa, inda awon ƙwallayen zaitun da suka ƙone ya nuna wajen shekara ta 1000 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba a sami ƙashin alade a wurin ba, shi kuma ya ce garin na Yahuza ne. Nadav Na'aman ya amsa masa cewa Kan'aniyawan yankin ma ba su faye cin alade ba.